Inda nake sauke iyali a Kiribi

Kalmar otal ba ta da kyakkyawan suna a bakinmu. Mu da muka taso cikin fatauci, in aka ce wane ya kwana a otal a garin da akwai Hausawa, to ɗayan biyu ne: ko ba shi da kowa, ko akwai abin da yake ɓoyewa. Kakanninmu da suka riƙa gangarowa kudancin Kamaru ta Banyo da Tibati da Yoko ba su san wani masauki ba sai gidan mai masauki a zango. Ka iso, ka yi sallama, a ba ka ɗaki, a adana maka kaya, a nemo maka mai saye, mai gida ya ci la'adarsa. Har gobe haka nake sauka in na je Yawunde. Ina da gidan da nake shiga a Biriketiri ba tare da na buga waya ba.

Sai dai wannan tsari an yi shi ne don namiji shi kaɗai da kayansa. Ka kai matarka gidan mutane da sunan hutu, ka ga abin da zai faru. Kafin ta kwance ɗaurin jakarta ta shige madafa, don babu macen kirki da za ta miƙe ƙafa tana kallon matar gida tana fama da tukunya. Ta yi wanke-wanke, ta yi wa yaran gida wanka tare da nata, ta kwana a takure, ta dawo da gajiyar da ta fi wadda ta tafi da ita. Kai kuwa kana zaure ana zuba maka shayi, kana cewa an huta.

Hajiya ta yi shekara 26 tare da ni a Duwala, a unguwar Niyu Bel, cikin ɗaki biyu da falo. A nan ta raini yara shida. Ni ina rumfa a Kasuwar Kwango ina auna shadda da atamfa tun safe har magariba, ita tana gida da hayaƙi da zafi da ruwan sama da ba ya gajiya. Da na yanke shawara a 2019 cewa duk shekara zan fitar da ita kwana uku ba ta ɗora tukunya ba, wani dattijo da muke layi ɗaya ya kira ni gefe ya ce, "Alhaji, otal za ka kai iyali? Ba ga gidan mutanenmu a Kiribi ba?" Na ce masa, "Baba, gidan mutanenmu ni yake hutar da shi, ba ita ba." Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, don otal ɗin da yake tsoro akwai shi, har ya fi ɗayan yawa. Aikin kawai shi ne ka san yadda za ka bambance su. Abin da zan faɗa ke nan, ga duk wanda yake da niyyar yin irin tawa.

Kiribi na gaɓar tekun Atilantika a kudancin Kamaru, kimanin kilomita 170 daga Duwala. Za ka bi ta Edeya, ka tsallake kogin Sanaga, sannan ka karkata kudu. Wanda ya taso daga Yawunde shi ma ta Edeya ya fi sauƙi, sai dai tafiyarsa ta fi tsawo. Akwai jandarmomi a hanya, saboda haka mu baƙi kada wanda ya bar takardar zamansa a gida, da ta matarsa, da takardun haihuwar yara. A otal ma sai ka cike takarda da lambar katinka kafin a ba ka makulli. Ni na san garin tun kafin na kai iyali, don ina da masu sarin kaya a can, nakan kai musu da kaina. Wannan ya ba ni abin da mai duba hoto a waya ba ya samu: na ga unguwannin da rana, na kuma gan su da dare.

Kogin Kiyenke ne ya raba garin biyu kafin ya faɗa teku. In ka riƙe wannan a ranka, ba za ka ɓata ba. Arewa da kogin nan ne kasuwa da tashoshin mota da ofisoshi da bakin ruwan Ngoye. Kudu da gada kuwa akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, da tsohuwar majami'arsu, da matsayar masunta ta Mbowa-Manga, sai hanyar da ta miƙe gefen teku zuwa Lobe da Giran Batanga.

Cikin gari shi ne wurin da zuciyar ɗan kasuwa take fara karkata. Ɗaki da araha, masallaci kusa, mai shayi da mai tsire duk namu ne, in ka fito ƙofa za ka ji ana Hausa ko Fulatanci. In ni kaɗai ne, nan zan kwana, ba wata magana. Amma fa ka tuna dalilin tafiyar. Daga tagar waɗannan ɗakunan ba abin da Hajiya za ta gani sai kwanon rufin maƙwabta da 'yan babur, waɗanda muke kira bensikin. Wato ka ɗauko ta daga Niyu Bel ka kawo ta ƙaramar Niyu Bel. Ga kuma mashaya. A kudancin ƙasar nan mashaya ba abin ɓoyo ba ce, tana jikin kusan kowane layi, kuma kiɗanta ba ya mutuwa sai asuba ta gabato. Ƙananan masaukai na kusa da tasha kuwa, da yawansu ba da masu kwana suke cin abinci ba. Ga alamar da ba ta taɓa ruɗa ni ba: ka tambayi mai karɓar baƙi ko suna ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu. In ya ce e, ko ka ga kuɗin hakan a rubuce a allo, ka gode masa ka fita. Ba sai ka duba gado ba.

Ngoye ita ce bakin ruwan kowa da kowa. Tana da kyau, yashi fari, itatuwan kwakwa, kuma da ƙafa za ka taka daga gari. Ranar Talata da safe wuri ne na Allah. Ranar Asabar da yamma kuwa, bayan motocin Duwala da Yawunde sun juye mutanensu, ba wurin da zan zauna da 'yata mai shekara 16 ba ne. Ba na zagin kowa, garinsu ne, hutunsu ne, kowa da yadda ya ɗauki suturarsa. Ni dai na san idon Hajiya zai koma ƙasa, ta ja hijabi ta ce mu tafi, shi ke nan an yi asarar kuɗin mota.

Babban ɗana, wanda yanzu shi nake bar wa rumfa in na yi tafiya, ya taɓa kawo mini waya da hoton wani katafaren otal da ya gani a Facebook, da tafkin wanka shuɗi kamar an zuba bula. Ya ce, "Baba, in za a yi abu a yi shi da kyau, nan ya dace da Mama." Na ce ya duba hoton da kyau ya gaya mini ina uwarsa za ta zauna. Kujerun duk a gefen tafki suke, tafkin kuma a jikin mashaya yake, duk wanda zai gangara teku sai ya ratsa tsakiyarsu. Kuɗin dare ɗaya a wurin ya kusa na kwana ukunmu gaba ɗaya, a ƙarshe kuma ta wuni a ɗaki da labule a sake. Ya yi shiru, sannan ya ce ai akwai iyakwandishan. Yaro ke nan.

Inda na tsayar da zaɓina shi ne hanyar kudu, tsakanin gada da Lobe. A wannan tsakanin akwai ƙananan otal-otal masu ɗaki goma ko sha biyu, kowanne da farfajiyarsa da 'yar ƙofa da ke fita kan yashi. Wasu na iyali ne, mai wurin da matarsa suna kwana a ciki, kuma irin waɗannan nake nema, don wanda 'ya'yansa ke wasa a tsakar gida ba ya barin a mayar masa da gida dandali. Nakan ɗauki ɗaki biyu masu ƙofa kusa da juna, a ƙasa, saboda gwiwar Hajiya ba ta son matakala. Bayan sallar asuba bakin ruwan nan ba kowa sai masunta da ke jan koma, su kuwa kifinsu ya dame su. A wannan lokacin ne take fita da 'yan matanta, su tsoma ƙafa, su tsinci ƙwanso, su yi dariyar da ban cika jin ta a gida ba.

Abin da na bayar a madadin wannan shi ne kusanci da masallaci, kuma ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Mutumin da ya saba jin kiran salla ta taga, in ya kwana inda ba ya jin komai sai rurin ruwa, zuciyarsa takan yi wani iri. Ga yadda na daidaita. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana nan a matsayin matafiyi, shi ya sa ma nake tsayawa a kwana uku. Asuba da isha'i ni nake jan iyali a barandar ɗaki. Da rana nakan hau bensikin in shiga gari in yi jam'i, in gaisa da mutane, in sayo burodi da tsire. Alƙibla ba ta da wuya a Kiribi: teku na yamma, saboda haka ka ba ta baya, ka karkata hagu, ka fuskanci arewa maso gabas. Buta da darduma kuwa daga gida ake tahowa da su. Ban taɓa shiga otal a gaɓar nan na tarar da buta ba.

Kafin in biya ko sisi, akwai abubuwan da nake dubawa da hannuna, don zuwa da kai ya fi saƙo. Nakan buɗe famfo in bar shi ya zuba, in ga ƙarfinsa da launinsa. Nakan tambayi inda janareta yake, ba ko akwai shi kawai ba. Wuta takan ɗauke, kuma janaretan da aka girke a bayan tagarka ya fi rashin wuta azaba. Nakan ɗaga katifa in shinshina, don iskar teku mai gishiri da laima tana ruɓar da komai, ɗakin da aka yi mako biyu ba a buɗe ba yana warin rima. Nakan duba ragar taga. Sauron gaɓa ba ya wasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ba tsarabar da za a kai gida ba ce, shi ya sa muke tafiya da gidan sauronmu da igiya. Sannan in zagaya baya in dubi katangar da ke fuskantar ruwa. Teku tana cin gaɓar Kiribi a hankali, akwai wuraren da in ruwa ya cika igiyarsa har gindin katanga take duka. Wanda ya je duba wuri lokacin da ruwa ya janye zai ga fili shimfiɗe, ya dawo bayan awa shida ya tarar babu wurin taka ƙafa. Ka tambayi masunta, ba mai otal ba.

Maganar ruwan nan ita ce wadda ba na sassauci a kanta. Yaranmu sun tashi a Duwala kusa da ruwa amma ba wanda ya iya iyo, mu iyayensu kuwa abin da muka sani rafi ne da kududdufin damina. Teku ba rafi ba ce. Tana ja ta ƙasa, a inda samanta ya yi lumui ma, kuma akwai duwatsu a ɓoye a wurare da dama. Yawancin bakin ruwan ba mai tsaron masu wanka. Don haka 'yar ƙofar nan da ke fita kan yashi sai na tabbatar tana da sakata da yaro ba zai kai hannu ba. Autanmu yana da shekara biyar a zuwanmu na farko, kuma wani wuri da ya yi mini komai daidai na bar shi saboda farfajiyarsa a buɗe take har ruwa. Dokata ɗaya ce: ruwa iya gwiwa, kuma sai ina tsaye. Mai ƙananan yara da yake son su yi wasa da ruwa sosai, gara ya duba Lonji, ƙauyen masunta da ke arewa da gari a kan hanyar Edeya. Gaɓar can ta lanƙwasa ta yi lungu, ruwanta ya fi kwanciya. Aibinta nisa: abinci da magani da komai sai an nemi mota.

Abinci kuwa shi ne inda Allah ya sauƙaƙa mana. Naman otal ba na ci, don ban san wanda ya yanka ba, kuma na san abin da ake gasawa a kan waya ɗaya da shi. Amma wa zai nemi nama a Kiribi? A Mbowa-Manga kwalekwale ke sauke kifi, ka zaɓa da hannunka, ka yi ciniki, ka miƙa wa matan da ke gashi a gefe, su kawo maka shi da yaji da soyayyar ayaba ko bobolo, wato rogon da ake naɗewa a ganye. Mukan je da hantsi, kafin masu kwalba su cika teburan. Ga jatanlande, wanda garin ya yi suna da shi. Sunan ƙasar ma daga gare shi ya fito, don da Turawan Fotugal suka shigo kogin Wuri sun tarar da shi da yawa, suka sa wa kogin sunansa da harshensu. Hajiya ta yi shekara biyu tana cewa ita ba ta cin fara ta ruwa. Yanzu ita ke tuna mini.

A nan ne zan ja kunnen masu son ɗakunan haya da kaya a ciki, waɗanda ake kira mebile. Sun yawaita tun da babbar tashar jiragen ruwa ta Mboro, kimanin kilomita 35 kudu da gari, ta fara aiki a 2018, ma'aikata da 'yan kwangila suka cika garin. In ka yi lissafi, ga mai iyali da yawa sun fi otal araha, ga sirri, ba mashaya. Duk gaskiya ne. Amma akwai madafa a ciki, da tukwane, da murhun gas. Ka sa mace irin tamu a gidan da akwai tukunya, ka ce kada ta yi girki, ka ga ko za ta ji. Ranar farko za ta ce shayi kawai za ta dafa. Rana ta biyu ka tarar da ita tana gyaran kifi. Ni da gangan nake neman wurin da babu ko ashana.

Lobe na da nisan kilomita 7 daga gari, kuma dole a je, don ba ko'ina ake ganin kogi yana zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku ba. A je da safe, a gama ciniki da mai kwalekwale kafin a sa ƙafa, a kuma ce sai da rigar ruwa ga kowane yaro. Za su yi maka tayin su kai ka cikin daji ka ga mutanen Bagiyeli. Ni ban zuwa. Mutum yana zaune a gidansa a kawo baƙi su tsaya suna kallonsa suna ɗaukar hoto, ban ga hutu a cikin wannan ba. Kwana a daidai Lobe kuwa ban ba da shawara ba, saboda cinkoson ƙarshen mako, Giran Batanga kuma ta yi nisa ga wanda ba shi da motar kansa. Da dare, daga barandarmu, akan hango fitilu can tsakiyar ruwa. Jirgin da ke karɓar man Cadi ne, wanda bututu ke kawowa tun daga Doba, tafiyar kilomita 1,070, tun 2003. Nakan nuna wa yara in ce ga abin da ya taso daga ƙasar su wane, maƙwabcinmu a kasuwa, ya riga shi ganin teku.

Lokaci shi ne rabin kuɗin. Satumba da Oktoba ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, a bar su. Disamba zuwa Fabrairu ne rani, amma daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kuɗin ɗaki yakan haura, hayaniya ta ninka. Mu mukan tafi da zarar an ba yara hutu, mu shiga Litinin mu fito Alhamis, in yi Juma'ata a Duwala. A tsakiyar mako ɗakuna a buɗe suke, mai otal kuma ɗan kasuwa ne kamar ni, ya san ɗakin da ya kwana ba kowa hasara ce da ba ta dawowa. Bara an fara mini da sefa 25,000 kowane ɗaki, na ce biyu nake so, dare uku, kuɗi a hannu, muka tsaya a 18,000. Ban aika wa kowa kuɗin kama ɗaki ta waya sai wanda na taɓa kwana a wurinsa.

Saura gidan mutanenmu na cikin gari. Wannan ba a wasa da shi, don in suka ji a bakin wani cewa ka shigo da iyali ka sauka a otal ba ka leƙo ba, ka ɓata zumuncin shekara ashirin, kuma da gaskiyarsu. Saboda haka rana ta biyu bayan azahar mukan je gaba ɗaya, da turmin atamfa da babban kifi. A ci abinci, a yi hira, Hajiya ta zauna a matsayin baƙuwa ta awa biyu, wadda ba a bari ta taɓa ko kwano. Mai gidan kullum sai ya yi mini ƙorafi: "Haba Alhaji, ga ɗaki a share, ka je kana ba arna kuɗi?" Ni kuma in ce ya yi haƙuri, likita ne ya ce ta sha iskar teku, mu yi dariya, don ya san ba wani likita. A zuwanmu na bara, muna sallama a ƙofar gida, sai uwargidansa ta leƙo daga bayan labule ta ce wa Hajiya, da muryar da ta tabbatar mijinta ya ji, "Yaya, wai nawa ne ɗakin nan naku?" Shekararta 19 a Kiribi, ba ta taɓa zuwa Lobe ba.